Ƙwayar Tuwo a Gayyar Ashafa

A Malikanchi ta ƙasar Ikara, in ana lissafin mutanen da bakinsu ya fi hannunsu aiki, da Ashafa ake farawa, sannan a huta kafin a nemo na biyu. Dogo ne siriri mai ɗan gemu a haɓa kamar an manna masa, kuma tunda uwarsa ta haife shi ba a taɓa faɗin wani abu ya ce bai sani ba. In an ce ga wata cuta ta ɓullo, ya san maganinta. In an ce jirgin ƙasa ya tsaya a Likoro ya ƙi tashi, ya san ƙusar da ta kwance. Bokonsa bai wuce ajin yaƙi da jahilci ba, amma daga ranar da ya fito ya soke alƙalami a aljihun gaba, alƙalamin ma ba ya rubutu, ya koma tafiya hannu a baya kamar Di'o yana duba kasuwa.

Abin da ya ƙarasa lalata shi majigi ne. A shekarun nan na farkon mulkin kai motar majigi takan zo Ikara, a kafa farin ƙyalle a bakin kasuwa, mai bayani ya kama lasifika. Majigi ya nuna takin zamani, da shekara ta kewayo sai ga taki a buhu. Ya nuna garmar shanu, sai ga ta. Ya nuna masu lamba, sai ga su sun iso suna tsaga wa yara dantse. Daga nan Ashafa ya yanke hukunci cewa duk abin da aka haska a farin ƙyalle sanarwa ce daga gwamnati. Abin yana hanya, in an ga bai iso ba, mota ce ta yi faci.

Ana nan da damina ta kankama, sai aka yi wa wani ɗan'uwansa haihuwa a Sabon Garin Zariya, ya tafi suna. Samarin gidan suka ja shi sinima. Shi bai ga wani bambanci tsakaninta da majigi ba, in ban da cewa nan ana zama a benci, kuma ba mai lasifika. Da Turanci ake maganar, sai wani leburan reluwe da ke gefensa, mai Turancin roƙon ruwa, ya raɗa masa cewa waɗannan mutanen shekara ta dubu biyu ne ake nunawa. Iyakar fassarar da ya samu ke nan. Sauran duk shi ya fassara wa kansa.

Ya dawo gida baki bai rufu ba. A ƙofar gidan Malam Datti liman, inda magidanta ke haɗa akusa su ci tuwo tare bayan magariba, ya baje kolin abin da ya gano. Ya ce ya ga mutanen gaba suna yawo a sama cikin wani abu kamar murfin tukunya. Ya ga wani mutum na ƙarfe, idanu kamar fitilar mota, yana share ɗaki yana rusunawa. Ya ga wata mata ta ɗauki ɗan madubi ta yi magana da mijinta da ke wata uwa duniya, tana ganin fuskarsa yana ganin tata. Sai kuma babbar magana. Lokacin cin abinci ya yi, ba turmi, ba murhu, ba hayaƙi. Kowa ya ɗauki ƙwaya ɗaya a faranti, ya jefa baki, ya kora da ruwa, ya shafa ciki, ya tashi.

A cikin masu cin tuwon akwai Tanko, taubashin Ashafa. Gonakinsu iyaka ɗaya, kowannensu yana kiran ɗan'uwansa bawansa, kuma tun suna yara ba wanda ya taɓa barin maganar ɗayan ta faɗi ƙasa bai taka ta ba. Tanko ya ce shi ma ya taɓa shiga sinima a Kano, da idonsa ya ga an harbe wani mai malafa ya faɗo daga doki ya mutu murus, da ya sake komawa sai ga mutumin nan garau yana neman aure. Ya ce sinima tatsuniyar Turawa ce, sai dai nasu gizon da lantarki yake tafiya.

Ashafa ya ce ai shi ba yaro ba ne, ya san inda aka ƙara gishiri.

"Maganar madubin nan ƙarya ce, ko ɗan goye ya sani," in ji shi. "Ba waya, ba turke, mutum yana Makarfi ka gan shi a tafin hannunka? An sa wannan ne don mata su yi dariya. Amma ƙwaya, bawana, tana hanya. Kai da kanka ka sha ƙwayar zazzaɓi a disfensare. In ƙwaya ta kori zazzaɓi, yunwa 'yar wace ce?"

"Yayar zazzaɓi ce," in ji Tanko. "Kuma ba ta jin Turanci."

Malam Datti ya tambaya a hankali, in baƙo ya sauka ana tsakiyar haɗiya, da me za a ce masa bismilla. Ashafa ya ce sai a ɓallo masa gefe. Malam ya ce to Allah ya nuna mana, ya ci gaba da lomarsa.

To, a daidai wannan lokaci gonar dawar Ashafa, babbar nan ta bakin rafi wadda da ita gidansa ke cin shekara, ciyawa ta riga ta haye mata. Tafiyar Zariya ta ci kwanaki, labarin Zariya ya ci fiye da haka. Dawa ta yi rawaya, ta zama baƙuwa a tsakiyar harƙiya da ƙiri-ƙiri. Mairama matarsa ta gaya masa cewa in ba a kira gayya an nome gonar nan yanzu ba, bana sai dai su tuƙa labari su ci. Wannan kam ya yarda. Ya kai goro wurin Lado sarkin gayya, wani ƙaƙƙarfan saurayi mai wuyan bijimi wanda magana ke masa wuyar fita, aka sa rana. Ita kaɗai ce kuwa ta rage wa samarin, sauran ranakun duk an kama su har dawa ta yi ciki. In ta kuɓuce, gonar ta tafi.

Gayya kowa ya san ƙa'idarta. Ba jinga, ba lada, kai dai ka cika ciki: kunu da safe, fura in rana ta take, tuwo da miyar nama in an tashi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mairama ta ɗauko mudu za ta fara auna dawar da za a surfa, sai Ashafa ya riƙe mata hannu. Ya ce gayyarsa ba irin ta kakanni ba ce. Rabin ranar gayya a gindin bishiya take ƙarewa, ana damu ana lashe ludayi ana gyatsa. Shi ƙwaya zai ba su tun da safe, kunu da fura da tuwo duk a dunƙule, su haɗiye su sunkuya, ba ɗagowa sai gona ta ƙare. Kafin gwamnati ta kawo tata, Malikanchi ta riga ta ƙoshi. Har ya fara hango motar majigi ta zo ɗaukar hotonsa, ana nuna shi a Paki da Kudan yana shafa ciki.

"Maigida," in ji Mairama, "cikin mutane ne fa, ba aljihu ba."

"Ke dai tuƙa mini tuwo mai kyau. Sauran aikin ilmi ne."

Dabararsa ta farko mai sauƙi ce. Ya lura in miya ta daɗe a wuta takan ragu, amma ɗanɗanonta ya ƙaru. Ashe ƙoshi ma ɗan ƙarami ne, ruwa ne ya kumbura shi. Ya juye tuwo da miyar kuka da fura da kunu cikin babbar tukunyar Mairama, wadda ta gada wurin uwarta, ya iza wuta, ya kori kowa daga tsakar gida kada a sace masa sirri. Abin ya ɓararraka, ya yi kumfa, ya yi baƙi, sannan ya fara fitar da wani hayaƙi mai warin ƙonannen kofato. Maƙwabta suka zaci gobara. Kafin ya buɗe baki ya yi bayani mata sun keto danga da tuluna. Wata ta sheƙa wa murhu, wata ta sheƙa wa Ashafa, tukunya mai zafi ta ji ruwan sanyi ta rabe gida biyu. Ya tsaya gemu yana ɗiga, ya shaida musu cewa sun mayar da ƙasar nan baya. Wata tsohuwa ta toshe hanci ta ce in haka gaba ke wari, a bar su a bayan.

Mairama ta tsince ɓangarorin tukunyarta ta ajiye a ɗaki. Duk wanda ya san ta ya san ba ta haƙura ba.

Washegari ya tashi da sabuwar dabara. Tanko yana da injin matse rake, irin wanda ake ɗaura wa doki doguwar sanda ya riƙa kewayawa, kuma da yake damina ce injin yana zaune ba aiki. Ashafa ya ce injin da ke mayar da damin rake ɗan curin mazarƙwaila, malmalar tuwo ba za ta gagare shi ba. Ya yi zaton sai ya sha fama kafin a ba shi aro. Ina, Tanko har doki ya ɗaura masa da kansa, ya share wurin, ya kuma aika aka gaya wa unguwa cewa yau ilmi zai fito fili, kowa ya zo da abin zama.

Aka kora doki. Ashafa ya naɗe hannun riga ya tura malmala tsakanin ƙarafan, ya bi ta da ludayin miya. Rake in an tura shi ta gaba ta baya yake fita. Tuwo bai san wannan ladabi ba. Ta sama ya fita, ta ƙasa, ta gefe, ya fesa wa na sahun gaba, ya liƙe wa Ashafa ido ɗaya. Miyar kuka kuwa ta bi ƙasa da yauƙinta har hanyar da doki ke takawa. Doki ya taka, ƙafa ta zame, ya firgita, ya zabura da gudu. Sandar ta kewayo ta sami Ashafa a ƙeya ta kifar da shi. Ya miƙe zai yi wa jama'a bayanin abin da ya faru, ta sake kewayowa. Sai da ya gane cewa bayanin a kwance ya fi lafiya, sannan aka samu aka kama linzami.

Tanko ya leƙo kansa ya tambaye shi ya ilmi.

"Dokinka ne bai yi boko ba," in ji Ashafa daga ƙasa.

Daga nan ya ce injunan ƙasar nan ba su kai ba tukuna, hannu zai sa. Ya tafi kasuwar Makarfi ya sayo ƙaro don ya riƙe abin, ya kankare ragowar tuwon da ke jikin inji, ya haɗa da sabo, ya zuba daddawa da yaji da ɗan kilishi da ya daka, ya mulmula ƙanana ƙanana, ya gasa a kasko. Suka fito baƙaƙe, kewayayyu, suna ɗan sheƙi. Da rana ta buɗe ya shanya su a tabarma a bayan gida, ta wajen da awakin Mairama ke bi su fita kiwo, ya tafi masallaci. Da ya dawo kwashewa sai ya ga sun fi yadda ya shanya yawa, har wasu sun sauka daga tabarma sun yi layi zuwa bakin turke. Murna ta kama shi. Ya tsince su tas, ya shiga gida yana cewa wannan ko Turawan ba su kai nan ba, tasa ƙwayar haihuwa take yi. Mairama ta dubi ƙwarya, ta dubi awakinta, ta buɗe baki. Sai ta tuna tukunyar uwarta, ta rufe.

Da magariba ya iso ƙofar gidan Malam Datti ba akushi, sai 'yar ƙwaya a tafin hannu da moɗar ruwa. Ya jira kowa ya zauna, ya ɗaga ta sama aka gani, ya yi bismilla ya jefa. Ta tsaya masa a maƙogwaro tana shawara. Idanu suka fito, ya bi ta da ruwa, ta wuce da ƙyar kamar jaki a kan gada. Ya shafa ciki yadda ya ga an yi a ƙyalle, ya ƙaƙaro gyatsa, ya jingina da bango ya ce shi kam alhamdu lillahi, su ci gaba da wahalarsu.

Suka ci gaba da wahalarsu. Tanko ya matso kusa da shi, kowace loma sai ya tsoma ta a man shanu ya bi da ita ta ƙarƙashin hancin Ashafa kafin ta isa bakinsa, wai hanyar ta fi kusa. Can sai aka ji wani ƙugi mai tsawo. Malam Datti ya ɗaga kai yana neman hadari, sama kuwa tas. Ashafa ya ce kada kowa ya damu, ƙwayar ce ke kwance kaya.

Gari na wayewa ya bi ta bayan gari, ya zaga ta cikin masara, ya ɓulla a gidan Zulai mai fura, can a unguwar gaba. Ya ce a dama masa mai kauri. Ya shanye, ya ce a ƙara. A ransa bai ɗauki wannan ha'inci ba ko kaɗan. Cikinsa tsohon yayi ne, na zamanin Turawa, dole ƙwaya ta nemi rakiya kafin ta saba da wurin. Samarin gayya kuwa cikinsu na mulkin kai ne, ba ruwansu da rakiya. Ya roƙi Zulai kada maganar ta fita. Ta ce haba, ita da ba ta da abokin hira sai ɗan wanta Lado. Wannan sunan ya wuce ta kunnen Ashafa bai tsaya ba, don hankalinsa yana kan gindin ƙwarya. Ya dai lura tsakar gidan cike yake da gero ana ta daka kamar za a yi biki. Ya tambaya, ta ce wani ne ya sa a yi masa fura mai yawa ta gobe. Ya girgiza kai, ya ce Allah sarki, har yanzu akwai mutanen da ba su waye ba.

Ranar gayya tun da hantsi bakin rafi ya cika. Samari sun zo da fartanyu a kafaɗa, makaɗin gangar noma yana gaba, Malam Datti ya zo yin addu'a. 'Yan kallo kuma har daga Paki, don Ashafa ya bi kasuwa yana shela cewa duk mai son ganin shekara ta dubu biyu ya zo gonarsa, ba tikiti. Tanko yana zaune a gindin ɗorawar da ke kan iyaka, ta ɓangarensa, ya miƙe ƙafa. Tasa gonar ma tana son maimai, amma bai ce da kowa komai ba.

Sai ga Mairama tafe da ayarin mata. Ta ɗauko ƙwarya mafi girma a unguwar, irin ta biki, an rufe da faifai, ta ɗora a kan gammo tana tafe tana nishi, wuya a lanƙwashe. Da ta iso sai da mata biyu suka kama mata aka sauke, wata ta rangaɗa guɗa. Samari suka haɗiyi yawu, suka kewaye. Lado ya durƙusa ya ɗaga faifai. Can a ƙasan ƙwaryar wasu 'yan baƙaƙen abubuwa suka gangara gefe guda suka tsaya.

Samari suka leƙa ƙwaryar, suka dubi juna.

Ashafa ya hau kan suri, ya gyara alƙalami, ya yi jawabi. Ya ce yau Malikanchi ta riga Kaduna. Ya ce jikokinsu za su ba da labarin cewa kakanninsu ne farkon waɗanda suka ƙoshi ba su tauna ba. Ya ce turmi da taɓarya su fara neman wata sana'a. Lado ya bari ya gama, ya ɗauki guda ɗaya ya juya ta a yatsu.

"Baba Ashafa, wannan kunun ne ko tuwon?"

"Duka."

"Naman fa?"

"Yana tsakiya."

Aka raba. Wani ya manta ya gartsa, aka ji ƙas, ya tofar da ƙwaya da ɓallin haƙori, kuma ƙwayar ce ba ta ji ciwo ba. Wani ta tsaya masa, sai da aka yi ta dukan bayansa kamar ana kakkaɓe tabarma. Wani kuma ya tauna tasa cikin sauƙi, ya ce shi tasa da laushi, sai dai ɗanɗanon harawa take yi. Na kusa da shi ya karɓi ragowar ya shinshina, ya ce wannan ai ya san mai ita, jar akuyar nan ce ta Mairama mai karyayyen ƙaho. Ashafa ya ce ta ganye ce, an yi ta ne musamman don masu ƙaramin ƙarfi. Duk waɗanda suka dace da mai laushi suka ruga rafi kurkure baki. Mairama tana gefe tana gyara ɗaurin kallabi, fuskarta kamar ta mai jin wa'azi.

Lado kuwa ya zaɓi mai tauri, ya yi bismilla ya haɗiye, ko gira bai ɗaga ba. Ya tambaya yaushe take fara aiki. Ashafa ya ce yanzun nan za ta kumbura ta cika ciki. Lado ya ce to sai su jira, don bai kamata mutum ya sunkuya abinci yana tsakiyar kumbura ba, kada ya fito ta hanci. Ya nufi inuwa ya zauna, samari suka bi shi, makaɗi ya yi matashi da gangarsa.

Rana ta yi ta hawa. Ashafa ya kai gwauro ya kai mari tsakanin inuwa da gona. In ya zo ya tambaya, sai Lado ya danna ciki da yatsa, ya karkata kai kamar mai sauraron motar da ke nesa, ya ce tukuna. Ashafa ya ce a ƙara ruwa. Aka shanye tulu, aka ce tukuna. Ya ce su ɗan yi tsalle ta sauka. Suka yi tsalle, suka koma suka zauna, aka ce tukuna. 'Yan Paki suka fara tambaya ko shekara ta dubu biyun ce za a jira a nan.

Ana cikin haka sai ga Zulai ta ɓullo ta hanyar unguwarsu, 'yan mata na biye da ita da ƙore a ka, kuma wannan karon nishin na gaskiya ne. Ba su ko dubi gonar Ashafa ba, suka zarce gindin ɗorawar Tanko suka sauke. Tanko bai kira kowa ba. Ya buɗe ƙwarya ɗaya, ya sa ludayi, ya ɗebo fura ya ɗaga sama ya tsiyayo ta a hankali, ya sake ɗebowa ya tsiyayo. Ƙamshin nono da citta ya ketare iyaka ba izini. Wuyan samari duk ya juya gefe guda kamar dawa a iska.

Nan Ashafa ya ga abin da ke shirin faruwa. Ya sauke hannu daga baya, ya je ya tsuguna gaban Lado, ya tuna masa cewa ya karɓi goronsa, kuma alkawari kaya ne. Lado ya ce gaskiya ne, su ba za su ci goron mutum su tafi ba su yi masa noma ba. Ya miƙe, ya jera samari kowa a bakin kunyarsa, ya ɗaga wa makaɗi hannu. Ashafa ya ji sanyi a ransa, har ya waiwaya ya yi wa Tanko gwalo.

Makaɗi ya ɗaga makaɗinsa sama ya buga sau ɗaya, dim. Fartanyu suka sauka tare, sara ɗaya. Samari suka miƙe, kowa ya saɓa tasa a kafaɗa.

"Mun gama, Baba," in ji Lado.

"Kun gama me?"

"Noman. Na farko da maimai da huɗa, duk suna dunƙule a cikin saran nan. Ka ba shi ruwa ka ɗan jira, zai kumbura."

Dariyar da aka yi har tsuntsayen rafi suka tashi. Samari suka tsallaka iyaka, aka miƙa musu ludaya, ganga ta ɓarke da kiɗa na sosai, kafin ka ce kwabo ƙura ta tashi a gonar Tanko.

Ashafa ya ruga wurin Malam Datti ya ce a raba musu shari'a. Malam ya shafa gemu ya ce shi dai bai ga wanda ya cuci wani ba, ƙwaya ta je, ƙwaya ta dawo. Ya ruga wurin Mairama ya ce ta yi maza gida ta ɗora tuwo, ko a juyo da rabinsu. Ta tambaye shi a wace tukunya. Ta ƙara da cewa dawar ma tana rumbu ba a surfa ba, don an ce mata turmi ya nemi wata sana'a.

Sai zuciya ta ɗebe shi. Ya ce zai nuna musu. Ya dumbuzi ƙwayoyi ya watsa a baki, bai tsaya tantance mai tauri da mai laushi ba, ya ɗauki fartanya ya faɗa wa ciyawa shi kaɗai. Ya yi sara, ya yi sara, ya ɗago ya duba, sai ya ga ƙarshen kunyar ya ƙara nisa. Yunwa ta taso, ido ya fara ganin dawa bibbiyu. Ya ce bari ya je ya duba iyaka, don ya san halin Tanko da cin gefe. Duban iyaka ya kai shi gindin ɗorawa, ya tsaya daidai kan ƙwaryar fura yana duban iyakar a cikinta.

Tanko ya ce masa furar ta 'yan gayya ce, wanda ya sunkuya shi ke sha, ko da kuwa ya zo daga shekara ta dubu biyu ne.

Haka 'yan Paki suka koma gida da labarin cewa sun ga mutumin da ya kira gayya ya ƙare yana nome gonar maƙwabci, yana bin kiɗa, fura na ɗiga a gemu. Ranar ko kunya ɗaya ba a nome masa ba, amma ɗaya kunyar ya sha wadda za ta kai shi baɗi.

Bayan nan ya yi ta fama shi kaɗai, ya ceto abin da ya ceto a ɗan gefen rafi, sauran ciyawa ta cinye. Da kaka ta yi, jakuna suka yi ta jigilar dawar Tanko har rumbu ya ƙi rufuwa. Ashafa kuwa tafiya ɗaya ya yi. Ya ɗauko amfanin gonarsa gaba ɗaya a ka, dami guda siriri kamar shi, ya biyo ta ƙofar gidan Malam Datti daidai an fito da akusa. Ya so ya wuce da sallama daga nesa, Tanko ya tare shi.

"Sannu da kaya, bawana. Ina sauran?"

Ashafa ya tsaya, ya gyara alƙalami da hannu ɗaya.

"Sauran me? Abincin shekara ne cur a dunƙule. Gonata ta riga taku wayewa, shi ke nan."

Ya jingine damin a bango, ya wanke hannu, ya matsa kusa da akushin Tanko, wai kafin damin ya kumbura.